Littafin Alhamis na Malama Turai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Nana Hadiza ta unguwar Kabara, ungozoma mai ritaya, na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya tilasta ni. Jikin ne dai ya fara ba ni sallama, ni kuma ba na musu da shi. Zuwa gare ku 'ya'yana, Muttaka, Fa'izu da Sa'adiyya.

Na ɗaya. Gadona a raba shi yadda shari'a ta tsara. Ku kira malami ya raba, kada ku kira son zuciya.

Na biyu. Muttaka da Fa'izu, gabar da kuke yi a kan soron gidan nan ta ishe ni. Tun ƙaramar salla ba ku ci a kwano ɗaya ba, kuna zaton ban lura ba. Ku sasanta kafin a ɗauke ni, kada ku haɗu a bakin kabarina kowa yana kallon gefe.

Na uku. Ƙaramin gidana na Jakara, wanda Malama Turai take ciki, na yi wasiyya ta zauna a cikinsa har ƙarshen ranta. Na tambayi malamai, bai kai sulusin dukiyata ba. Muttaka, na san ka daɗe kana auna shi da ido, kana hango shaguna. Ka haɗiye wannan yawun. Ba ta da ɗa, ba ta da jika, in ta fita daga nan ba ta da inda za ta.

Kun san ta tsohuwa mai mantuwa, ba ku san ta da alli a hannu ba. Ina aji uku na firamare, ba abin da na tsana kamar boko. Da an tashi tara sai in sulale kasuwar Kurmi wurin kakata mai sayar da daddawa. Malama Turai ba ta taɓa ɗaga mini bulala ba. Dabino ta riƙa zuwa da shi aji, mu cinye, mu yi lissafi da ƙwallayen. Ta mayar da jadawalin sau waƙar gaɗa, muna tafi muna juyi har hedimasta ya leƙo. Ni kuwa ta naɗa ni mai rabon dabino, kun ga mai rabo ba ta gudu. Duk jaririn da na karɓa a garin nan, da ladanta a ciki. Ina ƙaunar matar nan kamar uwar da ta haife ni.

Na huɗu, shi ne ya fi yi mini nauyi. Tun da mantuwa ta kama Malama Turai, a ganinta har yau tana koyarwa. Shekara shida ke nan duk Alhamis da hantsi nake kai mata littafina da lissafi goma a ciki, ta karɓa ta duba da jan biro. Ranar ce kaɗai take ɗaura ɗankwali da kyau, ta ci abinci ta ƙoshi. Sa'adiyya, littafin yana ƙarƙashin matashina, biron yana cikinsa. Ku riƙa zuwa bi da bi, ku tafi da dabino mai laushi saboda haƙoranta. Ku gaya mata rasuwata sau ɗaya, hakkinta ne. In ta manta ta sake tambaya, kada ku sa ta kuka sau biyu, ku ce ni na aiko ku. Ba ƙarya kuka yi ba, ga takarda shaida.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu yi muku fiye da abin da kuka yi mini. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, kada ku bari bare ya ji kanku.

Saura abu ɗaya. Fa'izu, kai mai son a ce ka iya, da kai nake. In za ka kai littafin, kada ka ci goman duka. Ka ɓata ɗaya da gangan, kamar yadda nake yi, don ta sami abin gyarawa. A nan ne take dariya.