Ƙorafi Kan Hana Don Evaristo Zabaleta Shiga Filin Tsere

Eulogia Barrenechea, matar marigayi Scarpa,
Gida mai lamba 41, Titin Tasha,
Villa Larrondo.
Litinin, 14 ga Nuwamba, 2016.

Zuwa ga Maigirma Daraktan Wasanni,
Don Heriberto Pagliaro,
Ofishin Ƙaramar Hukumar Villa Larrondo.

Game da: Hana Don Evaristo Zabaleta, ɗan shekara saba'in da takwas, shiga filin tseren motoci da filin ƙwallo na Kulob ɗin Defensores, bisa zargin yana da ƙashin tsiya.

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Doña Susana da gwiwarta da aka yi wa aiki. Na ji an ce aikin bai yi kyau ba, amma ba wannan ya kawo ni ba. Ni ce Eulogia mai fanke a bakin ƙofar filin tsere, wadda ta san ka tun kana yawo da gajeren wando ana ce maka Beto. Aji uku na yi a makaranta, saboda haka a yi haƙuri da rubutuna.

Wannan ita ce takardata ta biyu. Ta farko na kawo ta da hannuna ranar 5 ga Satumba, har yau shiru. Ƙanwar sakatariyarka ta gaya mini cewa da yayarta ta ga sunan da ke ciki, da bakin biro ta tura takardar cikin durowa, ta ɗaura jan ƙyalle a mariƙin don korar tsiya. Ban yi mamaki ba. Duk da haka ga ƙorafina, kuma lokaci ya ƙure: tseren ƙarshe na bana ranar Lahadi 27 ga Nuwamba ne, ranar Laraba 30 ga wata kuma Mirta, 'yar Don Evaristo, za ta kwashe shi zuwa Bahía Blanca, ba dawowa. Idan bai shiga ranar 27 ba, ba zai sake shiga ba har abada.

1. Ina tunatar da ofishinka waye wannan mutum. Shi ne direban tankar ruwa ta ƙaramar hukuma lokacin da aka share gona aka fitar da hanyar tsere a 1974. Duk Lahadin tsere shi ke fitowa da sassafe ya yayyafa wa hanyar ruwa, ba wanda ya sa shi. Da ya yi ritaya ya koma zama a kwana ta uku ta hanyar tseren, jikin shingen waya, da kujerarsa ta naɗewa da ƙoƙon shayinsa na mate. Al'adarsa guda ce: kafin a tashi, ya je wajen motar garinmu ya bubbuga bonet sau uku, ya ce, "Je ki ki dawo, yarinya." An canza direbobi huɗu, an canza fenti ban san sau nawa ba, an ci kofi a 1988 da 2003, duk da wannan hannun a kan bonet. Lokacin ba wanda ya ce hannun yana da wani abu.

2. Ranar Lahadi 13 ga Maris, motar ta yi hayaƙi ta tsaya a zagaye na huɗu. Yallaɓai, ba mahalukin da bai san dalili ba. Makaniken motar Tito Cufré ne, baffan direban, wato Nahuel Cufré, kuma Tito da kwalbar jan giya yake auna man inji. Shi kansa Nahuel yaron kirki ne, yana gaishe ni, amma yana shiga kwana kamar mai ɗauke da kiret ɗin ƙwai, ya fito kamar wanda aka biyo da wuƙa. Ubansa ma haka yake tuƙi, Allah Ya jiƙansa, sai dai shi yana da makanike. Mutanen kwana ta uku sun yi shekara biyu suna cewa a sallami Tito, amma wa zai sallami baffa?

3. A nan dole in faɗi abin da ban faɗa ba a takardar farko. A ranar nan, kafin a tashi tseren, Don Evaristo ya gutsuri fankena a gaban mutane ya ɗaga murya ya ce, "Eulogia, wannan ai taya ce! A ɗaura wa Nahuel a baya, sai ta kai Disamba ba ta yi faci ba." Aka bushe da dariya, har da waɗanda nake ba su kyauta. Ya saba yi mini irin wannan tun muna samari da 'yammata, ni ma ba na raga masa. Ranar Talata 15 ga Maris ina shagon gyaran gashi na Norma, kaina cikin injin busarwa, ana ta zagin Tito, sai na ce, "Ni dai na ga wanda ya shafa motar nan kafin ta tashi." Shi ke nan abin da na ce. Ramuwa ce, so nake ya ji a gari ya zo mu yi ta cacar baki. Amma shagon Norma ba wurin ajiye magana ba ne, kuma na fi kowa sanin haka, tun da ni nake kai musu rabin abin da suke sani.

4. Ranar Lahadi 3 ga Afrilu 'yan Colonia Brandt suka zo filin ƙwallonmu suka zura mana uku ba ko ɗaya. Ƙwallo ta biyu tsakanin ƙafafun golanmu Ezequiel ta bi, a hankali, kamar kaza za ta shiga akurki. Ezequiel ɗan ƙanwar matar shugaban kulob ne, Don Osvaldo Lenzi, in ba haka ba ko ragar kaji ba za a ba shi tsaro ba. Kocin kuma mutum ne da ke ajiye mai cin ƙwallonsa a benci saboda bai gaishe shi a kasuwa ba. Amma maimakon a kalli waɗannan, sai mijin Norma ya miƙe ya nuna da yatsa ya ce, "Jama'a, ku dubi wanda ke zaune a layi na biyu!" Kafin alƙali ya busa tashi, bencin da Don Evaristo ke kai ya zama fayau, shi kaɗai a tsakiya da hularsa a gwiwa.

5. Daga wannan rana aka sa masa sunan da a wajenmu nan ba ya goguwa, "mufa", wato mai ƙashin tsiya. Ka san yadda muke yi, ba sai na koya maka ba. An daina kiran sunansa, sai dai a ce "wancan na bayan tasha". In ya gitta, maza su kai hannu gaban wando, mata mu dafa nonon hagu, don kada tsiyarsa ta shafe mu. Mai burodi yana ajiye masa nasa a kan kanta don kada yatsunsu su haɗu. Cikin girmamawa nake cewa, Yallaɓai, ranar 9 ga Yuli a dandali na ga wani babban jami'i ya hango shi ya tsallaka titi ya nufi kantin magani, alhali kantin a rufe yake sai dai ya tsaya a baranda. Ba zan faɗi suna ba, takardar nan ta hukuma ce.

6. Kwamitin Defensores kashi biyu ne, mutanen mota da mutanen ƙwallo, kuma shekara talatin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Sun yi faɗa kan injin yankan ciyawa, sun yi faɗa kan wa zai yi amfani da wurin gasa nama. Mutanen mota suna cewa ƙwallo wasan mutum ashirin da biyu ne da suka kasa samun lasisin tuƙi. Mutanen ƙwallo suna cewa tsere kallon ƙura ne da ciwon kunne. A kan Don Evaristo kaɗai bakinsu ya zo ɗaya: a hana shi shiga filayen biyu.

Ranar Lahadi 8 ga Mayu ya zo ƙofar filin tsere da kujerarsa. Cacho mai gadi ya tare shi, hannu ɗaya a aljihu, ya ce, "Don Evaristo, ka yi haƙuri, umarni ne." Ya ce, "Umarnin wa, Cacho? Ni fa na riƙe ka ranar da aka yi maka baftisma, ka yi mini fitsari a riga." Cacho ya ce, "Na sani, Baba. Don Allah ka ja baya kaɗan, motar tana tahowa." Ya ja baya. Ya tsaya har aka wuce da motar a kan tirela, hannunsa ya ɗan ɗaga ya sauke, sannan ya juya ya bi titin tasha. Ina wurin, taku biyar tsakaninmu, ina juya fanke. A ranar kuma Nahuel ya zo na uku, saboda motoci huɗu na gabansa sun yi karo a kwana ta farko. Wannan na uku shi ya gama da tsohon nan, aka ce ga shaida, an hana shi shiga mota ta yi sa'a.

7. Na je wurin Don Osvaldo Lenzi ranar 14 ga Yuni. Ya ce mini ba wata doka a rubuce, kulob na kowa ne, shi mutum ne mai ilimi bai yarda da camfi ba. Yana faɗa yana dafe da katakon teburinsa, yadda muke yi don kore tsiya. Na ce to a ba ni takarda in kai wa Cacho. Ya ce ba a soke dokar da ba a rubuta ba.

Ranar 21 ga Agusta giyar motar ta kakare a zagaye na shida, Don Evaristo yana gidansa. Na ce to yau kowa zai gane. Ashe a'a. Sai aka ce ai ta rediyo yake sauraro. Tito da kansa ya je ya tsaya daga bakin titi, bai shiga ba, ya ƙwala masa kira ya ce, "Dattijo, ka taimaki yaron nan, ka riƙa kashe rediyo ranar Lahadi!"

8. Kada a ce ban yi ƙoƙarin gyara abin da na ɓata ba. Na koma shagon Norma na tsaya a tsakiya na ce ni na ƙirƙira, haushin fanke ne. Norma ta ce, "Haba Doña Eulogia, ke dai Allah Ya ba ki ido, kin riga kowa gani ne." Na yi ƙoƙarin juya abin kan Tito, na ce na ga baƙar kyanwa tana kwana a garejinsa. Bai kama ba. Ni da na raba aure biyu a garin nan da rabin magana, yau ina rantsuwa da gaskiya ba mai ji.

9. Shekaranjiya Asabar, 12 ga Nuwamba, da la'asar, na je gidansa, karo na farko tun Maris. Kayansa a kwalaye, Mirta ta rubuta wa kowanne suna. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zuba mate ya miƙo mini, sai ya tsaya da ƙoƙon a sama ya ce, "Ko kina tsoro?" Na karɓa na shanye. Na faɗa masa komai, da shagon Norma, da ranar, da abin da na ce. Na zaci zai zage ni, kuma da ya zage ni da na ji daɗi. Sai ya ce, "Ai tun Afrilu na sani, uwar gulma. Wa ke da bakin nan in ba ke ba?" Na ce na rubuta wa hukuma, zan samo masa takardar shiga ranar 27. Ya ce, "Bar shi, Eulogia. Na zauna na yi ta tunani. Matata ta mutu da hannuna a kanta. Karena ma haka. In na je yaron nan ya kife a kwana ta uku fa? Yana da jaririya." Na duba kan firij, rediyon na nan, ya cire batir ɗin ya jera su a gefe.

Yallaɓai, abin da ya hana ni cin abinci ke nan. Da mutanen gari ne kawai, da na ci gaba da faɗa da su. Yanzu shi ma ya yarda.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon ofishinka da ya ba da takarda mai hatimi cewa Don Evaristo Zabaleta yana da 'yancin shiga filin tsere ranar 27 ga Nuwamba, ya zauna a wurinsa na kwana ta uku. Ina kuma roƙon kada a aiko da ita ta hannun masinja, don ba zai yi amfani da ita ba. Kai da kanka za ka kai, ka shiga har ciki, ka ba shi hannu, ka ɗauke shi a motarka ku shiga ta gaban Cacho da Lenzi da Tito. In mutum irinka ya taɓa shi a gaban jama'a, wataƙila ya yarda cewa hannunsa hannu ne kawai. Idan ana so in tsaya a lasifika kafin a tashi tsere in faɗi abin da na yi, zan faɗa, da sunana da na ubana.

Na san akwai zaɓe baɗi, na san kuma abin da za a ce da kai idan motar ta sake yin hayaƙi, kuma da Tito a gareji za ta yi. Saboda haka ban sa rai ba. In ba za ka iya ba, kada ka wahalar da sakatariyarka da amsa. Ranar 27 ba zan hura wuta a ƙofar fili ba, masu son fanke su nemi wata. Zan ɗauki kujera in je in zauna da shi a ƙofar gidansa. In iska ta juyo ta wajen tasha ana jin ƙarar injuna daga can, kuma wannan ba kwamitin da zai hana shi.

Ka huta lafiya, Allah Ya ƙara girma, Ya ba Doña Susana sauƙi.

Mai biyayya gare ka,
Eulogia Barrenechea, matar marigayi Scarpa.