Yatsan da Na'ura Ta Ƙi Gani

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki?

Yaya, asibitinmu sun daina fayil, komai ya koma kwamfuta. Ka ɗora babban yatsa a kan wani ɗan gilashi, sai tarihinka ya fito. Na fi kowa murna, don kin san allurar nan da jikina ba ya so. Duk sanda fayil ɗina ya ɓata sai an sake yi mini ita, ta ƙarshe har sai da numfashina ya ɗauke. Kullum tsorona kada a kawo ni ban san inda kaina yake ba, babu mai faɗa musu.

To, na ɗora yatsa, na'ura ta yi kamar ba ta san da ni ba. Na goge a zani, na hura masa iska, shiru. Ashe sabulun wankin da nake yi wa mutane ya cinye zanen yatsuna tas. Nas ta ce in huta da ruwa, in riƙa shafa mai. Baban yara ya karɓi wankin. Jiya ya haɗa farar rigar wani malami da jan ɗankwali, sai da muka je ba da haƙuri.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, albishirinki!

Na'ura ta gan ni! Fitilarta ta yi kore, nas ta rubuta sunan allurar da jan rubutu a sama, ta juyo mini allon na gani da idona. Yaya, kuka na yi a gaban mutane, ko kunya ban ji ba.

A hanya na ƙudura ba zan gaya wa Baban yara ba sai na ƙara hutawa. Ina shiga gida na tarar da shi tsugune gaban baho, kumfa har gwiwar hannu, sai bakina ya suɓuce. Na miƙa hannu zan karɓi sabulu, ya hana ni. Wai idan zanen ya sake gogewa, wa zai gaya wa 'yan asibiti zancen allurar? Ya ce shanya da guga nawa, ruwa nasa.

Ki taya ni godiya ga Allah.

Taki har kullum,
Auta