Dambun da Ya Koma Gida

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Yau ma sunana ne a saman allon da ke bayan kanti. Rékia, yadda suke rubuta Rakiya, ta ɗaya. Na'urar kes, wurin karɓar kuɗi, tana auna saurin hannun kowa wajen wuce da kaya, kuma tun bazara ba wanda ya kamo ƙafata. Guillaume, shef ɗin yankinmu, wato manaja, ya ja ni gefe ya ce kamfani zai buɗe sabon reshe a Lyon, ana neman shugabar masu kes, kuma sunana na ciki. Ni da na zo ƙasar nan ko jirgin metro ban iya hawa ba!

Maigidana Moctar ya ce, "Barka. Amma kin san arhar kantin nan daga wuyan hannunku ake matso ta."

Na ce masa da wuyan hannun nan ne matan unguwarmu ta Stains suke samun mai da madara a farashin da ba ya sa su kuka. Mu uku muke riƙe abin da wani kantin sai mutum goma. Ni dai alfahari nake da shi. Ya ƙara tuwo.

Juma'a, 6 ga Satumba

Matsala ɗaya ce: mutanenmu. Da an sauko daga masallaci duk tsofaffin unguwa layina suke bi, ko da na abokiyar aikina Sophie babu kowa. Ba sayayya ce kaɗai ta kawo su ba, gaisuwa ce. Ina wuni, ya maigida, ya aiki, ya gajiya, ya labarin Damagaram. Kafin mu kai ga "madalla" na'ura ta gama cin naman sunana.

Gaba da kowa Hajiya Mutmainna. Ita ba a yi mata gaggawa. Ita ta sauke ni shekarar da na zo, a falonta na kwana har na yi aure, ita ta zauna mazaunin uwa ranar bikina. In ta fara gaisuwa sai ta kai har kan ciwon bayan Moctar.

Laraba, 11 ga Satumba

Guillaume ya ce duk Juma'a makina yana faɗuwa. "Bonjour, merci, au revoir, ya isa." Wato sannu, na gode, sai an jima. Na ce to.

Juma'a, 20 ga Satumba

An sallami Adoum, ɗan Cadi, mai kes na biyu. Kamfani yakan turo mutanensa cikin kayan gida, su ɓoye ɗan abu a ƙarƙashin jaka a keken sayayya, su ga ko za ka ce a ɗaga. Sau biyu ke nan bai ce ba. Wai matar ta yi sa'ar mahaifiyarsa, nauyin bakinsa ya hana shi. Na ji tausayinsa, Allah ya sani, amma doka doka ce. Ni ba na jin nauyin jakar kowa.

Moctar ya ce tarko ne, ba gwaji ba. Mutumin nan da ɗan sandika, ƙungiyar ƙwadago, ya zama da ya huta.

Juma'a, 27 ga Satumba

Guillaume ya zo da kansa, ya tsaya bayana, hannu a aljihu. Na san ranar yanke shawara ce. Hannuna kuwa yana gudu kamar keken ɗinki.

Sai ga Hajiya, da babbar jakarta a keke.

"Rakiya, 'yata, ina wuni? Ya maigi..."

Na ce, "Bonjour madame."

Ta dube ni. Na riga na wuce da sukarinta da shayinta. Sannan na faɗa, da Faransanci, da muryar da aka koya mana, cewa ta ɗaga jakar in ga ƙasan keken.

Ba ɗagawa kawai ta yi ba. Ta ɗora ta a kan kes, ta zuge ta, ta fara fito da abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya a gaban layi: carbi, magani, sallaya, sai kwanon silba ɗaure da ɗankwali. Ta kwance, ta buɗe. Dambun zogale ne, da ɗuminsa, irin wanda take kawo mini in ci lokacin hutun rana. Ƙamshin man gyaɗa ya cika wurin.

Ta nuna wa Guillaume, ta nuna mini. Ta rufe, ta ɗaure, ta mayar cikin jaka. Ta biya, ta ce, "Merci madame."

Na ci sanwici a hutun rana. Ba daɗi, amma dama can ba ya da daɗi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Na samu! Lyon tawa ce. Guillaume ya ce abin da ya gani ranar Juma'a shi ya gamsar da shi: ba sani ba sabo. Na kira gida, ƙanwata ta yi guɗa har wayar ta ɗauke. Na sayi sabon takalmi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na je yi wa Hajiya sallama, da turmin atamfa mai kyau. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Lafiya lau. Allah ya kiyaye hanya." Shi ke nan. Ba maigida, ba aiki, ba gajiya. Ta sa mini albarka, ta ba ni ruwa a kofin baƙi, ni da na san inda kowane cokali yake a gidan nan.

Tsufa ne. Za ta huce. Aiki na yi, ba zaginta na yi ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba, Lyon

An buɗe kanti. Layi har bakin titi. Ina da makulli, ina da sunana a ƙirji da "responsable" a ƙasansa, wato shugaba. Na tura wa Moctar hoto, shi sai ƙarshen shekara zai biyo ni. Yarana na kes sun fara kama hannu, a makon farko muka wuce rassa biyu na yankin. Wa ya ce 'yar Damagaram ba ta iya riƙe Turawa?

Ba wanda ya san ni a garin nan. Ba mai tsayar da ni da gaisuwa. Hutu ne, wallahi.

Talata, 19 ga Nuwamba

A cikin yarana na kes, Najla ce ƙarshe a allo. Yarinya mai hankali, hannunta ma ba laifi, bakinta ne. Akwai wata tsohuwa, Madam Anne, kullum burodi ɗaya da miyar gwangwani ɗaya, kullum layin Najla. Sai tsohuwar ta ba ta labarin gwiwarta da kyanwarta. Daga sama an ce in ja wa Najla kunne, in ba ta gyara ba a ƙarshen wata ba za a sabunta mata aiki ba.

Na kira ta na faɗa mata kalmomin nan uku na Guillaume. Ta ce, "Madam Rékia, da ni kaɗai take magana a rana." Na ce nan kanti ne, ba gidan gaisuwa ba.

Na yi dambu da kaina da zogalen kwalba. Na zubar da rabi.

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Madam Anne ta shigo, sai na ce Najla ta je ta jera kayan gwangwani, ni na karɓi kes ɗinta. Tsarin aiki ne kawai: mai jera kaya ba na'urar da ke auna bakinsa. Na hango su can wajen miya suna ta zuba. Layin kuwa ni kaɗai na cinye shi.

Da tsohuwar ta iso gabana na ce ya gwiwa. Ban san ya aka yi ya fito ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Mun sauko zuwa na uku a yanki. Na ce wa Guillaume na'urar kes ɗina ce take nauyi.

Lokacin hutun rana na kira Hajiya. A waya kowa gajarta gaisuwa yake, ni ban gajarta ba. Inna ina wuni, ya jiki, ya ƙafa, ya sanyi, ya su Rauda da jikoki, ya maƙwabta, ya barkonon da ke taga. Tana ta "lafiya", "lafiya", a bushe. Da na ƙare na rasa abin tambaya, sai na sake daga farko.

Ƙararrawar komawa aiki ta buga. Na ji ta.

Sai Hajiya ta ce, "To ke fa, Rakiya, ya gajiya? Wa ke ba ki abinci a can?"

Na ce gajiya da sauƙi, Inna. Ta ce ya ciwon bayan Moctar. Na gyara zama a kan kwalin madara.