Anas, Mun San Kai Ne Na Goma Sha Huɗu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga ƙanena Anas, a Kanada. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kawu Idi da iyalinsa. Umma tana gaishe ka. Mutanen unguwarmu Aziziya a nan Madina suna gaishe ka, har waɗanda ka manta fuskarsu.

Na ce da fatan kana lafiya ne don haka ake buɗe wasiƙa. Ni da kai mun san ba lafiya kake ba.

A shafina na intanet na rubuta, inda kowa zai gani, saboda saƙonnina sun taru a wayarka ba ka buɗe ba, amma duk abin da na sa a nan sai na ga ka leƙa. To, leƙa wannan ma. Da Hausa na rubuta, don haka ka kwantar da hankalinka, masu ƙungiyarka ba za su gane ba. Kai kuma na san Hausarka ta fara rubewa, sai ka bi a hankali, baƙi bayan baƙi.

Kana da shekara tara Kawu ya tafi da kai. Kafin nan, duk ranar da Umma ke wanke daɓe da ruwan sabulu sai ka ɗebo gudu daga ƙofa ka zame har bakin kicin, a tsaye, hannu a buɗe. Ni in na gwada sai ƙasa. Umma takan ce, "Wannan yaron ƙashinsa na roba ne." Ba wanda ya yi zaton wata rana za a ɗaura maka ƙarfe a ƙasan takalmi, a ba ka sanda, a ce ka bi wata 'yar baƙar roba a kan ƙanƙara, kuma a kira abin sana'a.

Ranar da babbar ƙungiyar hoki ta kira sunanka a zaɓen matasa, Kawu ya turo hotonka da rigarsu da hularsu. Ka san abin da muka ɗauka. Mu ƙwallon ƙafa muka sani: in aka ga yaro da rigar ƙungiya yana murmushi, shi ke nan, ya shiga, sati mai zuwa yana fili. Baba Adamu mai baƙala, kantin unguwarmu, ya yanka rago. Aka dafa shinkafar kabsa faranti-faranti. Ɗaliban Jami'a 'yan Kano suka zo suka yi addu'a, teloli 'yan Chadi suka rufe shago, kowa mabruk, mabruk, har muryar Umma ta dishe wajen amsawa. Aka ɗauki komai a waya aka tura maka. Ka amsa da kalma biyu: na gode.

A lokacin ban iya Turanci ba. Makaranta ta ƙare mini da wuri, ka sani, na koma shagon gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Sulɗana. Don in bi labarinka na fara haɗa baƙi da ƙamus na waya, lokacin hutun azahar, hannuna duk baƙin mai. Kalma ɗaya sai in duba ta sau uku ta gudu. Da haka na fara ganewa. Ashe zaɓen nan ba shiga ba ne. Kamar mutum ne ya ɗaura wa ɗan rago igiya ya ce nawa ne, sannan ya koma gefe yana kallon yadda zai girma. Ashe suna da ƙaramar ƙungiya a wani gari can, inda ake tura yara su yi ta buga wasa, su kwana a bas, a ga wanda zai nuna. Wasu a ɗauko su. Da yawa a sake su ba sallama. Kai kana can tun ranar, mu muna nan muna cewa ɗanmu ya zama tauraro.

Kuma ka yi shiru. Kawu ya yi shiru. Duk wanda ya kira ka daga unguwa sai ya ce yaushe za mu gan ka a talabijin, ka ce insha Allahu.

Sai wancan jerin da ake fitarwa kowace shekara kafin a fara kakar wasa, inda wani mutum zai zauna ya jera yaran ƙungiya daga na ɗaya zuwa na ashirin. Shekarar farko ya sa ka na biyar. Ta biyu na tara. Bana na goma sha huɗu. Na karanta abin da ya rubuta a ƙarƙashin sunanka har na haddace: wai ƙafa akwai gudu, wai jiki ya cika, amma kana jinkirin yanke shawara in an matse ka a lungu, kuma wai bana ce shekarar da za ta raba gardama tunda kwantiraginka na ƙarewa.

Wallahi ranar na kusa jifa da wayar. Waye shi? Ya taɓa tsayawa yaro mai nauyin firji yana taho masa da gudu? Yaran da aka zaɓa jiya-jiya, waɗanda ba su taɓa gogawa da manya ba, ya ɗora su a samanka, don kawai ba a ga aibinsu ba tukuna. Kai an kalle ka shekara uku, duk tuntuɓenka an rubuta. Su ana musu lissafi da mafarki, kai ana maka da kuskure. Kuma shi da kansa ya rubuta a wani wurin cewa masu tsaron baya ba sa nuna da wuri, sai a hankali. To kai me kake bugawa in ba baya ba? Sannan kocinka yana sa ka ne lokacin da aka kori ɗayanku waje kuna karewa, ba ya sa ka lokacin da ake neman ci. Ina za ka samo maki? Ni ko mukayyif ba na yi masa hukunci da sanyin Janairu, sai na ga aikinsa a Agusta.

Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ya akhi. Maganar lungu gaskiya ya faɗa. Na kalli wasanninka, na ga kana tsayawa rabin numfashi kafin ka saki robar. Abu ne da ake gyarawa da horo. Ba zunubi ba ne.

A wannan rabin numfashin aka same ka sati biyu da suka wuce. Na kalli maimaicin a shago. Ka juya baya a lungu, wani ƙato ya zo ya haɗa ka da katanga, hular kwanonka ta daki gilashi. Ka faɗi, ka tashi, ka nufi bencin da ba naku ba, sai da abokin wasanka ya jawo rigarka. Mai sharhi ya yi dariya. Ni ban yi ba. Bayan ɗan lokaci na gan ka ka dawo fili.

Washegari ka kira ni, kiranka na ƙarshe ke nan. Rana tsaka ce a wurinku amma ɗakin duhu, labule a rufe. Ka ce haske ne ke damun idonka. Ka tambaye ni ya ƙafar Umma, na ba ka amsa, muka yi wata magana, ka sake tambayata ya ƙafar Umma. Na ce ka gaya wa likitan ƙungiya? Ka ce in ka faɗa za su ajiye ka, in suka ajiye ka wani yaro zai hau gurbinka, kuma bana ba shekarar zama ba ce. Maganar wancan mutumin mai jeri ce a bakinka, ka haɗiye ta duka. Sannan ka ce, "Yaya, kada Umma ta ji. Kada mutane su ji. Bayan duk abin da suka yi."

Bayan duk abin da suka yi! Rago ɗaya, Anas. Saboda rago ɗaya da shinkafa za ka ba da ƙwaƙwalwarka?

Na karanta a kan irin wannan bugu, da Turancin nan nawa na tsintuwa. Ban gane komai ba, amma na gane wannan: kan da ya bugu yana son hutu, in aka sake bugunsa kafin ya warke abin yana iya zama wanda ba ya komawa daidai. Ka buga wasa uku tun ranar. Kowanne na kalla ina zagin allo, har maigidana ya ce in fita waje in na gama in dawo.

Na san abin da ke cin ka ya fi maganar unguwa. Iƙamarka, takardar izinin zamanka a nan, ta mutu tun da ka fita, garin da aka haife ka sai da biza za ka shigo shi. Najeriya kuwa a fasfon Umma kawai ka san ta. Kana ganin ƙanƙarar nan ce kaɗai ƙasar da kake da ita, in ka sauka daga kanta ba ka san inda za ka taka ba. Ni ma da ke nan, takardar wani ce ke riƙe da ni. Amma mutum da kansa lafiya yana iya neman ƙasa. Wanda kansa ya taɓu fa?

Don haka na yi abin da ka hana ni. Ranar Juma'a bayan la'asar na zauna a bakin baƙalar Baba Adamu na zayyana musu komai: zaɓen, ƙaramar ƙungiya, bas, jerin, na goma sha huɗu. Na zaci za su sunkuyar da kai. Baba Adamu ya ce, "To ragon dai mun riga mun ci, ba mai amayar da shi." Aka yi dariya. Wani tela ya ce shi ko a layin burodi bai taɓa zuwa na goma sha huɗu ba. Shi ke nan fa. Abin da ka yi shekara uku kana ɗauke da shi a wuya, ko shayinsu bai huce ba suka wuce shi. Ka yi fushi da ni in ka ga dama. Babu sauran abin da za ka ɓoye wa kowa a nan.

Umma ce ta yi mini wuya. Na same ta tana tsince ganyen mulukiya, wato lalo, na faɗa mata har maganar katanga da ɗakin duhu. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da tsinta har na zaci ba ta ji ba. Can ta ce, "Wasan nan ban taɓa gane shi ba. Amma kan, ni na tallafe shi aka yi masa askin suna. Ka ce ya kai a duba mini." Tun ranar wayarta tana cikin zaninta, ko alwala za ta yi sai ta ajiye ta inda za ta ji.

Ga maganata ta ƙarshe, ƙanena. Kuna da wasa ranar Asabar. Ina so ka je wurin likitan nan da ƙafarka, ka gaya masa maganar haske da mantuwa da bakinka, don kai ne mai kan. Ban rubuta wa ƙungiyarka ba. Amma in na buɗe waya na gan ka a fili ba tare da an duba ka ba, zan rubuta musu, da karyayyen Turancina, su gane abin da za su gane. Wataƙila hakan ya kashe maka kwantiragi. Wataƙila ka daina ce mini Yaya. Na auna, na ga zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne ka dawo mana kana tambayar sunan Umma.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sanyaya maka kai, Ya cire maka tsoron mutane daga zuciya. Allah Ya buɗe maka ƙofa, a kan ƙanƙara ko a wajenta, Ya haɗa fuskokinmu cikin alheri. Amin.

Ka kira ta kafin Asabar. Ko ba ka da abin faɗa, ta ji numfashinka.

Naka, mai faɗa da kai don ba shi da wani,
Yayanka Haruna,
daga Madina.