Ba Laifin Kyamara Ba Ne

Zuwa ga sanyin idona, farin watan da ya leƙo rayuwata bayan dogon duhu, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko da ya sauka a kan busasshiyar zuciyata,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ya san bai cancanci amsa ba. Yaya Umma, yaya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa. Kada ki yi mamakin girman rubutun nan kamar na ɗan aji ɗaya. A bakin ƙofar shagona nake zaune da rana tsaka, da alƙalami mai kauri a hannu, kuma kafin ki kai ƙarshe za ki san dalili.

Wata biyu ke nan ban ji muryarki ba. Wata biyu, ya farin cikina! Wayata ta zama dutse a aljihu. Kujerar da kike zama kina goge gilashin kyamara tana nan yadda kika bar ta, na hana kowa taɓa ta. Shin kin san yadda shagon mai hoto yake komawa idan wadda ta saba cika shi da dariya ta ɗauke ƙafa? Fuskoki ɗari a jikin bango, duk suna murmushi, babu mai yi mini magana.

Kin tuna daren da muka hau saman benen shago, ke da yayarki da ni, don in koya miki ɗaukar fitilun titi? Yayarki ta zauna a gefe tana latsa waya, ni kuma na kafa kyamara a kan ƙafa uku, na rage ISO, wato ƙarfin jin haskenta, don kada hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa, na bar idon kyamarar a buɗe na daƙiƙa ashirin. Na ce miki kada ki motsa, ko numfashi ki yi shi a hankali. A cikin daƙiƙa ashirin ɗin nan na faɗa miki abin da na yi shekara ina haɗiyewa. Dariya ta kama ki, gwiwar hannunki ta bugi ƙafar kyamara, fitilun gari suka fito kamar an watsa zaren zinare a cikin ruwa. Kika ce, "Malam, kai ka ɓata darasin, ba ni ba." A rayuwata ban taɓa son hoton da ya lalace kamar wannan ba.

Sai daren walimar Baba, da ya ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar. Ke kika ce wa gidanku kada a kira kowa, kina da mai hoto. Ranar ce Baba ya fara kirana ɗansa a gaban mutane. Tsakar gida babu haske sai 'yan ƙwayayen lantarkin da aka rataya a igiya. Kyamara ta kasa kama fuska da kanta, tana ta kai da kawo, sai na koma saitin hannu kamar yadda na yi sau dubu. Na buɗe gilashi iyakarsa, na ɗaga ISO, na ɗauki hoto ɗari biyu da wani abu. Duk wanda na duba a ɗan allon bayan kyamara, sai in ga ya yi. Wa ya san mako uku kawai suka rage wa Baba a duniya? Wa ya san hotunan nan su ne na ƙarshe?

Da na buɗe su a kwamfuta washegari, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Babu fuskar Baba ko ɗaya da ta fito. Duk dishi-dishi, kamar ana hango shi ta gilashin mota ana ruwa. Kunya ta rufe ni, na yi ta ja miki rai, yau gobe, yau gobe. Bayan rasuwar, da Umma ta aiko ki ki karɓa, na buɗe baki na yi miki ƙarya, na ce katin ajiyar hotunan ne ya lalace. Kika ɗauki katin daga aljihun tebur, kika saka a kwamfuta, kika gani da idonki. Ba ki ɗaga murya ba. Kin ce, "Da ka ce ka ɓata, da na yi kuka na haƙura. Ƙaryar ce ban san inda zan ajiye ta ba." Kika fita. Har yau takun takalminki a kan matakala bai bar kunnena ba.

Ga abin da ba ki sani ba, ya hasken raina. Bayan tafiyarki na ɗora wa kyamara laifi. Na goge gilashi har sau goma, na canza wani. Na mayar da duk saiti yadda ya zo daga kamfani. Na kafa ƙafa uku, na sa ta jira daƙiƙa biyu kafin ta ɗauka don kada hannuna ya girgiza ta. Ɗan ƙaramin abin murzawar da ke gefen wurin leƙawa, wanda ake daidaita shi da ƙarfin idon mutum, na murza shi har ya ƙure. Da rana komai lafiya, da magariba ta yi sai hazo. A ƙarshe na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran kyamara. Ya kashe fitilar ɗakinsa, ya ɗauki kalandar bango, hoto ya fito tas har ƙananan lambobi. Ya miƙo mini kyamarar a cikin duhun, ni kuma ban ga hannunsa ba, na yi ta lalube a iska. Sai ya ce, "Ɗana, wannan ba ta da ciwo. Kai za ka je a duba."

Likita ya ce dundumi ne, amma ba irin wanda magani yake korewa ba. Ganin dare ne yake fara tafiya, sai gefe da gefe su riƙa tsukewa kamar ana jan bakin jaka, har abin da ya rage ya zama kamar leƙe ta ramin allura. Na tambaye shi shekara nawa suka rage mini ina gani. Ya ce Allah ne masani, ya sunkuyar da kai yana rubutu. Ashe tuntuɓen da nake yi a matakala, wanda kike tsokanata da shi, ba garaje ba ne. Ashe tun a daren walimar idona ya riga ya ci amanata, ni kuma na juya na ci taki.

Ban rubuto don ki tausaya mini ki dawo ba. Me zan ba ki? Mai hoton da magariba take mayar da shi gida kamar kaza? Ke tauraruwa ce da ke kan fitowa, ina ni ina ɗaure ki a jikin mutumin da za ki riƙa ja wa sanda tun kina da ƙuruciya? Na auna abin ta kowace fuska, ban ga ƙofa ba. Amma zuciya ba ta jin lissafi, kullum da safe sai ta tashe ni da sunanki.

A cikin ambulan ɗin nan akwai hoto guda. Dattijon nan mai gyara ne ya zauna ya bi hotunan walimar ɗaya bayan ɗaya har ya gano shi. Na yi niyyar kama Baba, saitin ya zarce bayansa ya sauka a kan Umma. Baba yana gaba kamar hayaƙi, ita kuma ta fito sarai, tana kallonsa, da irin kallon da ban taɓa sanin tana yi masa ba. Ki ba ta, ki ce ina neman gafara. Kyamarar ma na ba yayarki ta kawo miki. Idan za ki ɗauki mutane da dare, ki buɗe gilashi sosai, kada ki ji tsoron ɗaga ISO, tsakuwa a hoto ta fi fuskar da ta ɓace. Kuma kowane hoto ki ƙara girmansa a allo ki duba ƙwayar ido kafin mutane su watse.

Roƙona ɗaya ne, kuma idan kin ƙi ba zan ga laifinki ba. Ki zo sau ɗaya ki tsaya a bakin ƙofar nan, ko ba za ki ce uffan ba, in kalle ki da kyau tun ina iyawa. Idan za ki zo, ya abar ƙaunata, ki zo kafin la'asar ta yi sanyi. Bayan nan ko kin tsaya a gabana, sai dai in ji ƙamshin turarenki.

Naki a haske, naki a duhun da ke tafe, wanda ba zai sa wata a gurbinki ba har numfashinsa ya ƙare,

Mai hotonki.