Wasiƙun Lamba Sha Bakwai

Litinin, 3 ga Maris
Auta ta baje takardu a teburin cin abinci, wai binciken digirinta ne. Ta tattaro wasiƙun da iyaye arba'in suka rubuta wa 'ya'yansu a makarantar kwana, ta cire sunaye ta sa lamba. Kwamfuta ce za ta karanta, ta faɗi irin tarbiyyar da ke ciki: biyayya, gaskiya, tausayi, kamun kai. Akwatin da in aka ɗauke wuta sai ya mutu, shi zai auna halin ɗan Adam. Allah ya kyauta.

Laraba, 5 ga Maris
Wai sai mutum ya fara koya wa na'urar, don haka ta ba ni jimla ɗari in rubuta wa kowace ajinta. "Mama, ajin kawai, ban da sharhi." Na yi sharhin. Wata uwa, lamba shida: "Ɗan lelena, tun da ka tafi ba na iya barci." Ki yi ta zama ido biyu. Haka ake sangarta yaro, ya girma ya zame wa jama'a kaya.

Juma'a, 7 ga Maris
Lamba sha bakwai ni ce. Layi ɗaya na karanta na gane: "Kada in ji, kada in gani." Ni ban ba ta wasiƙa ba. Na tsare ta, ta ce wajen yayanta ta karɓo. Shi da wata takwas ke nan bai tako gidan nan ba, bai kira ba, don kawai na faɗa masa gaskiya a gaban matarsa kan yadda suke sakin yara. Wai guda sittin da biyu ne, ya jera su bi da bi a cikin ambulan. Aikin banza. Da ya yi aiki da abin da ke ciki.

Talata, 11 ga Maris
Sakamako ya fito. A biyayya ni ce ta ɗaya cikin arba'in, ban yi mamaki ba. A tausayi, sifili. Sifili! Mai rashin barcin nan ita ce a sama. Na ce wa Auta injin nata bai san wadda ta yi ta ɗinke wa yayanta yagaggen wando shekara shida ba. "Ba zuciya yake dubawa ba, Mama, abin da aka rubuta kawai yake ƙirgawa." To, me ya tsinana?

Laraba, 12 ga Maris
Ko gaisuwarta ban amsa ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Na tuna. Yana aji uku zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu a asibitin makaranta. Na rubuta masa, kuma na san na yi masa sannu. Ita ce ta tsallake layin wajen bugawa, yaran yanzu komai da garaje. Na ce ta kawo ta asalin, a gyara kafin ta kai wa malaminta ƙarya.

Asabar, 15 ga Maris
Ta kawo. Rubutuna ne, da shuɗin biro. Na karanta sau uku, na juya bayan takardar. "Ciwo ba hujja ba ne na faɗuwa jarrabawa. In ka tashi ka ari littafin abokanka ka kwafe abin da ya wuce ka." Sai sa hannu. Wajen ninkin ya yage, ya manne shi da salatif.

Ranar da na rubuta ta ko abinci ban iya ci ba, na tuna sarai. Wannan ba ya cikin takardar.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa, "Mama…" Na ce ta je ta duba tukunya.

Lahadi, 16 ga Maris
Ina nan kan bakana, shirme ne. Da hantsi na tura masa saƙo da kaina: "Ya yara? Kai ma ya jikinka?" Na ƙara da cewa ya riƙa kai su makaranta a kan lokaci, sai na goge. Tsawo ne ya yi yawa, shi ke nan.

Alama ta nuna ya karanta. Ba jira nake ba. Na dai ƙara wa wayar ƙara, kunnena ba kamar da ba ne.