Gadar da Baba Bai Gani Ba

Asabar, 8 ga Mayu, 1976

Na samu gada! A bakin rafin ƙauyenmu, bayan Fadan Kagoma, ta ɗaga kai na danna kamara. Na dawo Kafanchan na wanke hoton. Baba maharbi ne. Tun da na ƙi ɗaukar bindigarsa na buɗe shagon hoto bai taɓa yaba aikina ba. Wannan dai sai ya yaba.

Lahadi, 16 ga Mayu

Na kai masa bayan sujada a coci. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Meshak, hazo kawai. Ina naman?" Raina ya ɓaci, ko tuwon acca ban tsaya ci ba.

Laraba, 19 ga Mayu

Wataƙila da gaskiyarsa, launin gadar ya saje da ciyawa. Na sake bugawa. Na tare haske da tafin hannuna ta gefen ciyawa don ta yi fari, na bar shi ya daɗe a kan gadar don ta yi duhu. Ta fito ras, har jiƙar hancinta.

Lahadi, 30 ga Mayu

"Har yanzu hazo." Tsohon nan, wuyar sha'ani!

Talata, 1 ga Yuni

Na ƙara baƙi, na ƙara fari, har gashin jikinta ya ɓace. Regina matata ta ce kamar an zana da gawayi. Sannan ta ce, a hankali, ran Lahadi ta miƙa wa Baba kofi ya kama iska. Na daka mata tsawa. Mutumin da ke hango zomo daga wancan tsauni?

Lahadi, 6 ga Yuni

Na ba shi a tsakar gida, rana tsaka. Ban kalli hoton ba, idanunsa na kalla. Fari-fari, yanar ido ta rufe su. Yaushe? Ina ta gyaran takarda, ban duba fuskar ubana ba. Ya ce, "Ya ɗan fi." Bai taɓa yi mini ƙarya ba sai yau. Na yi kuka a kan babur har gida.

Lahadi, 13 ga Yuni

Hoton farko na kai masa, mai taushin nan. Ya ɗora a gwiwa ya ce, "Kunnen shi ina ya duba?" Na ce ɗaya gaba, ɗaya wajena. "Ƙafa fa?" Na ce ta dama a ɗage. Ya yi dariya. "Ya ji ka ke nan. Saura kaɗan ya gudu. Amma ka kai kusa, yaro. Ni ma iyakata ke nan."

Ya sa a aljihun rigarsa.

Ba zan sake buga shi ba. Ruwan wankin hoto ya kusa ƙarewa, shi ke nan dalili. Asabar zan koma rafi. Ya ce in lura da kunne, in zo in faɗa masa.